Faɗakarwa A Kan Liƙi Da Yabon Da Ake Saye Da Kuɗi

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman dacewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ko allo kake riƙe da shi ko ma'auni, ka ba ni aron hankalinka. Dalilin wannan rubutu wani yaro ne da ya yi shekara bakwai yana karatu a gabana. Allah Ya hore masa murya, in ya ɗauki tilawa da asuba har mata a cikin gida sukan dakata da aiki su saurara. Ya haddace izu arba'in, saura ashirin, sai wani ya raɗa masa cewa muryar nan tasa kuɗi ce. Ya jingine allo ya tafi birni. Bara aka nuna mini shi a cikin waya, yana tsaye bisa dandamali yana kiran sunan wani attajiri, ana manna masa kuɗi a goshi suna zuba yana taka su. Da na dubi masu liƙin, sai na ga fuskokin da na saba gani a sahun farko na masallaci. Saboda haka da ku zan fara magana kafin in yi da shi.

Ka sani, ba a zargin magana don an tsara ta an daidaita amsa-amonta. Hassanu ɗan Sabitu mawaƙi ne, kuma a gaban Manzon Allah yake waƙarsa. Ƙarshen Suratul Shu'ara'i ya zargi mawaƙa da faɗin abin da ba su aikatawa, sa'an nan ya keɓe masu imani da aiki nagari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya karantar da jama'a ta hanyar waƙa, haka 'yarsa Nana Asma'u ta yi wa mata. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, amma Imfirajinsa ta buɗe idanun masu gani.  Maganar kayan kiɗa kuwa malamai sun yi ta, kuma wanda ya karanta Risala ya san matsayin mazhabarmu. Abin da nake nufi a nan wani ne daban, shi ne cinikin harshe.

Dubi yadda sana'ar take tafiya a yau. Makaɗan da muka taso muka tarar, irin su Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, suna tafe da makaɗa da 'yan amshi, kuma kowa ya san roƙo suke yi, ba su ɓoye ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa kaɗai yakan tuna da karen mota da talakan da ba shi da abin ba shi. Mawaƙin yau kuwa shi ke rubuta waƙarsa, ya shiga ɗakin naɗar murya da ake kira situdiyo, fiyano ta maye gurbin kalangu, na'ura ta goge masa kaushin murya. Da yawansu da waƙar Islamiyya da begen Annabi suka fara. Daga nan sai waƙar fim, sai waƙar amarya da ango, sai a sa shi a YouTube da TikTok, sunansa ya kai Yamai da Damagaram da zangon Kumasi. Idan ya shahara sai 'yan siyasa su neme shi, a ba shi mota, a ba shi gida. A kowane mataki kuɗi na ƙaruwa, kuma ikonsa a kan harshensa na raguwa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba zan ambaci suna ba don gudun giba, amma duk mai kunne ya ji labarin mawaƙin da ya cika ƙasar nan da yabon shugaban da aka zaɓa a 2015, sa'an nan da shugaban ya sauka a 2023, ba a yi shekara ba ya fito yana sukarsa. In yabon gaskiya ne, me ya kawo sukan? In sukan gaskiya ne, wa zai ɗauki alhakin talakawan da suka gaskata yabon shekara takwas?

Yanzu shiga wurin wasan da idon basira. An kama babban ɗakin taro, an sayar da tikiti, teburin gaba ya fi na baya tsada don a san mai shi. A wurare da yawa na'ura ce ke rera waƙar da aka riga aka naɗa, shi kuwa mawaƙin yana motsa baki. Kai ɗan kasuwa, in mutum ya sa hatsi mai kyau a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, ka san sunan wannan algus. Sa'an nan a tsaida waƙa a shiga kiran sunaye. A ce wane ya fi kowa kyauta, alhali ma'aikatansa wata biyu ba a biya su ba. A ce wane ɗan asali ne, alhali daren nan mawaƙin ya fara jin sunansa, a rubuce aka miƙa masa. Sai wanda aka kira ya miƙe da bandir ɗin sababbin kuɗi, abokin hamayyarsa ya ga haka ya miƙe da biyu. Magariba ta wuce, lisha ta wuce, maza da mata a cakuɗe.

Ya zo a hadisi ingantacce cikin Sahihu Muslim cewa an umarce mu mu watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabon mutane. Ku duba yadda muka juya umarnin. Mun riƙe watsawar, mun riƙe fuskar, sai muka musanya ƙasa da naira. Har dokar gwamnati ta hana wannan: dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida, ko tarar naira dubu hamsin, ko duka biyu, ga mai liƙi da naira ko taka ta, kuma a 2024 an ɗaure wani a Legas a kan haka. Abin kunya ne a ce tsoron kurkuku ya hana mu abin da tsoron hisabi bai hana mu ba.

In ka ce, dukiyata ce, da guminta na same ta, sai in ce maka za a tambaye ka ta ina ka samo ta, kuma a ina ka kashe ta. Ka fitar da zakkar bana? Ka biya bashin kayan da ka ɗauka a Kantin Kwari? Yaron shagonka da ya yi maka shekara goma, ka sallame shi da jari? Ƙanwarka da mijinta ya rasu, ka leƙa tukunyarta?

In ka ce, kyauta ce kuma kyauta ibada ce, sai in ce kyautar da ake jira a kira suna kafin a miƙa ta, a ɗauke ta hoto a yaɗa, ladanta an karɓe shi a wurin nan, tafi ne da guɗa.

In ka ce, ai mawaƙi ma yana da iyali, sai in ce gaskiya ne, kuma ina jin tausayinsa fiye da yadda kake ji. Kai ne ka koya masa cewa ƙarya ta fi gaskiya kasuwa. Ran da muryarsa ta dusashe, ko wani yaro sabon jini ya fito, kai ne farkon wanda zai daina amsa kiransa. Mun ga waɗanda aka yi wa ruwan kuɗi jiya, yau ana yi musu karo-karon kuɗin magani.

Kai kuma almajiri mai murya, ka sani amana ce aka ba ka. In Allah Ya ba ka baiwar tsara baiti, ka kammala karatunka, ka koyi sana'ar da za ta ci da kai, ɗinki ko ƙira ko fatauci, domin harshenka ya zama ɗa, ba bawa ba. Sa'an nan ka yi waƙa a kan tauye mudu, da haƙƙin maraya, da cin amanar masu mulki, kamar yadda Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suka faɗakar da mutanen zamaninsu. Wanda ba ya jiran kyautar kowa shi ke iya faɗa wa kowa gaskiya.

Allon yaron nan yana nan a zaurena, ban wanke shi ba, ban ba kowa ba. In wannan takarda ta isa hannunsa, ya sani ƙofa a buɗe take, kuma izu ashirin ba su da yawa ga wanda ya yi niyya.

Allah Ya tsare harsunanmu daga ƙarya, Ya tsare dukiyarmu daga almubazzaranci, Ya shirye mu da 'ya'yanmu. Wanda ya kwafi wannan takarda ya gyara kuskuren da ya gani, ya sa marubucinta a addu'a. Ta cika da godiyar Allah.