Raƙuman Dawan Dabus: Mu Ne Maƙwabta, Mu Ne Baƙi

A Ama Awusa ta garin Inugu na tashi, kuma a nan na fara jin labarin raƙuman dawan da ke kwance a kan dutse. Wani Buzu mai gadi, wanda muke kira Baba, shi yake ba mu labarin da daddare yana dafa shayi. Ya ce a ƙasarsu Azbin akwai falalen dutse da mutanen da can suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a kai, babban ya ninka tsawon mutum sau uku. Mu yara muka ɗauka tatsuniya ce, don mu dai abin da muka sani shi ne ruwan sama da gindin mangwaro.

A shekarar 2022 na bi wani kawuna mai fatauci tsakanin Anaca da Agadas. Muka bi ta Kano, Damagaram, Tanut, muka sauka Agadas. Da na ce masa ina son a kai ni Dabus, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, kuɗin mai za ka ƙona don kallon dutse? Wannan ai aikin Turawa ne." Wannan magana tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai yake da wannan tunani ba. Na ji irinta a bakin 'yan kasuwarmu na Fatakwal, na kuma ji ta a bakin ɗalibai a cikin wannan sashe namu.

To, na dai je. Wurin yana arewa da Agadas, wajen kilomita 110, kusa da hanyar Arlit. Daga ƙasa ba ka ganin komai, sai ka hau. Gani ya kori ji. Babban raƙumin ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga bakin kowannensu an ja layi ya sauko zuwa hoton wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ƙiyasta cewa aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye, wato tun lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyawa, ba a kuma san ƙarfe ba. A duwatsun da ke kewaye an ƙirga zane sama da 800, har da rubutun Tifinag na Buzaye, abin da ya kamata ya ja hankalin duk mai nazarin harshe.

Abin da ya dame ni shi ne, Bafaranshe ne, Christian Dupuy, ya fara rubuta bayanin wurin a 1987. A 1999 kuma wasu masana daga waje suka ɗauki siffarsa, aka zuba kwafi da alminiyam aka ajiye a filin jirgin saman Agadas. Mu fa? Kullum a aji muna karanta cewa Gobirawa sun zauna a Azbin kafin su yo kudu. Ban ce su suka yi sassaƙar ba, ta girme su nesa ba kusa ba. Amma ƙasar da muke kiran sunanta a jarrabawa don neman maki, ashe ba ta cancanci mu taka mu gani ba?

Sai dai zuwa ma yana da nasa haɗari ga wurin. Dutsen Dabus yana da laushi, takalmi na cinye shi, wasu kuma sun karce sunayensu a gefe, shi ya sa aka sa masu gadi daga cikin mutanen yankin. Haka abin yake a hamadar Nazka ta ƙasar Peru, inda mutanen da suka kwashe jajayen duwatsu daga doron ƙasa suka fitar da siffofin tsuntsu da biri da gizo-gizo, manyan da sai daga jirgin sama ake ganinsu sosai. A 2014 'yan ƙungiyar Greenpeace sun shiga kusa da hoton tsuntsun suka bar sawu, a 2018 kuma wani direban babbar mota ya bi ta kan wasu layukan. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na miƙa hannu zan shafa wuyan raƙumin, mai gadin ya ce, "Malam, da ido ake kallo." Na ji kunya.

Na san wani zai ce hanyar Agadas ba ta da tsaro, musamman bayan juyin mulkin 2023 da sace-sacen baƙi da aka yi a 2025. Gaskiya ne, ba kuma zan ce kowa ya jefa kansa ba. Amma Birnin Kudu fa? Zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude yana nan a Jigawa, tafiyar yini ɗaya ce daga Kano a je a dawo. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, kuɗin da ake kashewa kan lemo da kujerun haya a Makon Hausa, a bana a rage rabi a ɗauki bas guda.