A toshe haɗin jikin mota kafin a shafa mata fenti

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro,

Maganarmu ta yau a kan tsohuwar mota ce, wadda ke kai hatsinku da wakenku kasuwa, ta kawo muku taki. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Tibiri ta bi Kornaka, hanyoyinmu yawanci rairayi ne da gargada, ko an nufi Sakabal ko Bermo. A nan tsofaffin Toyota da Land Rover ke aiki. Akan ci karo ma da Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a 1960, ko kamyon Berliet ko Saviem, kamfanonin Faransa biyu da aka haɗe a 1978.

In ƙungiyarku ta tara kuɗi don gyaran irin wannan mota, ko ɗanku ya sayi ɗaya, ga shawarata: kada a fara da fenti. A fara da toshe duk wurin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Mutane kan ce tsohuwar mota ba ta rasa kuka. Ni ban yarda ba. Kukan nan na "ƙiiƙ, ƙiiƙ" ƙarfe ne ke cin ɗan'uwansa. Fallen ƙarfe biyu suna gugar juna, fentin tsakaninsu ya goge. Rairayi ya shiga ya yi aikin dutsen niƙa. Damina ta zo, ruwa ya kwanta, tsatsa ta kama. Takin zamani, gishiri, kanwa da fitsarin bisashe suna ƙara mata sauri. Ramin bulon ya faɗaɗa, bulon ya yi sako-sako, falle ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Land Rover tana da tata matsala. Yawancin jikinta gorar-ruwa ce, wato alminiyo, ƙashin ƙasanta kuwa baƙin ƙarfe. In suka taɓa juna da damshi, alminiyon ke ciwuwa, ya koma farin gari. Dole a raba su da wani abu.

Ga yadda za ku ce makanike ya yi:

1. Ya kwance haɗin, ya kankare tsatsa da buroshin waya har ƙarfe ya yi haske.
2. Ya shafa fentin hana tsatsa, ya bari ya bushe sarai.
3. Ya yanka tsohuwar robar cikin taya, ya shimfiɗa tsakanin fallen biyu. Tsakanin akwatin kaya da ƙashin mota a sa roba mai kauri ko katako mai ƙwari.
4. Ya cika bakin haɗin da mastik mai laushi, wanda ke zama kamar roba bayan ya bushe. Mastik mai tauri na cike lotsawa ba ya jure girgiza, fashewa yake.
5. Ya sa sababbin bulon. Bayan mako guda na aiki a sake ɗaure su.

Abu uku kuma ku hana. Kada a zuba baƙin mai ko giris a kan roba: kukan zai ɗauke kwana kaɗan, amma mai yana ruɓar da roba, yana kuma tara ƙura. Kada a toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, ta nan ruwa ke fita. Kada a yi walda inda masu ƙera mota suka sa bulon. Mota tana murɗewa in ta hau tudu ta faɗa kwari. In an ɗaure ta kam, sai ta tsage a gefen waldar.

Wani zai ce: "Malamin gona, wannan aiki zai tsayar da mota kwanaki, kowace rana kuwa kuɗi ce." Gaskiya ne. To ku auna. Robar taya kusan kyauta ce a tasha. Sabon akwatin kaya kuwa sai an sayar da bisashe. Ku yi aikin da bazara, kafin ruwan farko, ba da kaka ba lokacin da buhuna ke jira a bakin rumbu.

Abin da ya fi kuɗi shi ne rai. Direban da motarsa ke kuka ta ko'ina ba ya jin sabon kuka. Ƙarfen sifirin ya karye ko ƙafa ta fara kwancewa, bai sani ba, ga mutane a saman kaya. Motar da ta yi shiru ita ke gaya wa direba ciwonta da wuri.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa masu mota da karnukan mota na garinku wannan shafi. Ran da ƙungiya za ta biya kuɗin gyara, ku tambayi makanike abin da ya sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ku duba da idonku.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.