Zaman Beli a Kotu: Me Ya Sa Dole Ƙofa Ta Kasance a Buɗe

Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Da yawansu yara ne daga Arewa, kuma sun yi kusan wata uku a tsare. Ana cikin zaman waɗansu suka yanke jiki suka faɗi. Alƙali ya ba da belin kowannensu a kan naira miliyan 10, kuɗin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba. Hotunan suka bazu a ƙasa, mutane suka yi ca. Ranar 4 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a saki yaran.

Dokar da ta hana zaluntar yaran nan tana nan tun watan Agusta. Abin da ya canja a Nuwamba shi ne jama'a sun gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Yawancinmu mun ɗauka ranar yanke hukunci ce babbar rana a shari'a. Ga talaka kuwa, ranar neman beli ce. A ranar ake sanin ko zai koma gona da iyalinsa, ko zai kwana a gidan yari shekara da shekaru. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke, ba a tabbatar musu da laifi ba. Zaman da ya kai su can sau da yawa bai wuce 'yan mintoci ba, babu ɗan jarida, babu ɗan'uwa, wani lokaci ma babu lauya.

Me doka ta ce? Sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, kuma wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana tsauwala sharuɗɗan beli, ta ce ba za a ƙi mace ta tsaya wa mutum don kawai ita mace ce ba, ta kuma ɗora wa alƙalan majistare zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata su duba waɗanda ke tsare. Wannan dokar ta tarayya ce, amma jihohi sun yi irin tasu.

Amfanin buɗe ƙofa a fili yake. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara da ya ce har yanzu ana bincike, karo na biyar, zai ji nauyin maimaitawa idan kujerun baya a cike suke. Alƙalin da zai hana beli dole ya faɗi dalilinsa a rubuta, kuma da wannan rubutu lauya ke zuwa kotu ta gaba. Sharuɗɗan da aka karanta kowa ya ji ba za a ƙara musu komai a bayan ofis ba. Alƙali mai gaskiya ma yana samun kariya, don ba za a ce an saye shi a ɓoye ba.

Ba kowane zama ne za a buɗe ba, tsarin mulki da kansa ya yarda a fitar da jama'a saboda tsaron ƙasa, ko don kare wanda bai kai shekara 18 ba. Su kansu yaran Abuja, inda ya dace da su shi ne kotun yara, ba gaban kyamara ba. Matsalar ita ce a mai da togiya ta zama ƙa'ida. A Oktoban 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji ba tare da 'yan jarida ba, a 2022 kuma Babbar Kotun Tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita ɗaukar rahoto a shari'o'in ta'addanci. Mu da muka sha wuyar ta'addanci mun san darajar kare shaidu. Amma ana iya ɓoye fuska da sunan shaida ba tare da an rufe ƙofar kotu ba. Shari'ar ɓoye tana cutar da wanda aka kama bisa kuskure, tana kuma hana gwauraye da marayu sanin abin da aka yi da wanda ya kashe nasu.

Mun ga haka a cikin gidanmu. An kama Rhoda Jatau a jihar Bauchi a watan Mayu 2022, aka yi ta hana ta beli sai Disamba 2023. Bayan shekara ɗaya kotu ta wanke ta. Watannin da ta yi nesa da 'ya'yanta babu mai mayar mata da su. Ita ta sami masu bin maganarta. Dubbai ba su da kowa, Kirista da Musulmi, kuma ƙofar da muke so a buɗe wa namu ita ce za ta ceci ɗan maƙwabcinmu.

Saboda haka 'yan'uwa, kada a bar wanda aka kama ya tsaya shi kaɗai. Shiga kotu ba ya bukatar kuɗi ko takardar gayyata. Ikkilisiya ta tura dattawa biyu ko uku su zauna a natse, su rubuta lambar ƙara, sharuɗɗan beli da ranar da aka ɗage zama. Ba taron hayaniya muke nufi ba, wannan yana iya sa a rufe ƙofar ma gaba ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin lauya a kai shi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta gwamnati. Wanda zai tsaya wa mutum kuma ya sani alkawari ya ɗauka, zai kawo shi duk ranar da kotu ta neme shi. In an ce kowa ya fita, lauya ya nemi a faɗi dalili a rubuta shi.