Na'urar da ta ƙi karɓar "123456" gata ta yi wa mai ita

Abu ne mai ban haushi matashi ya zauna saita sabuwar kwamfuta, ya rubuta kalmar sirrin da ya saba, na'urar ta ce ba ta yi ba, ya sake wata. Wani har tsaki yake yi. Amma babbar manhajar da ya kamata a ji tsoro ita ce wadda ke karɓar duk abin da aka ba ta.

A 2009 masu kutse sun kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32 daga kamfanin RockYou. Wadda ta fi yawa a ciki ita ce "123456", kuma har yau ana amfani da wannan jeri wajen cankar kalmomin mutane. A 2016 kuma muguwar manhajar Mirai ta kama tarin kyamarori da na'urorin intanet ta hanyar gwada kalmomi kusan 60 da suke fitowa da su daga masana'anta, irin su "admin". Da su aka kai wa kamfanin Dyn hari a watan Oktoba, Twitter da Netflix suka yi wuyar buɗewa a Amurka.

In aka bar wa mutum zaɓi, mai sauƙi zai ɗauka. Shi ya sa dole tantancewar ta zauna a cikin babbar manhajar kanta. A Linux, pam_pwquality ke wannan aiki: yana duba tsawon kalma, ya ƙi wadda ke cikin ƙamus, ya ƙi wadda ta yi kama da tsohuwa. Sai dai ba ya tilasta wa babban asusun root sai an kunna enforce_for_root. Mai tsare kwamfutar da ya manta wannan ya bar babbar ƙofa a buɗe.

Masu ƙorafi ma suna da tasu gaskiyar. Tsohuwar dokar nan ta babban harafi, lamba, alama, da canji duk kwana 90 ba ta haifar da komai ba sai "Kano@2024" da ke komawa "Kano@2025". Bill Burr, wanda ya rubuta wa hukumar NIST ta Amurka irin wannan shawara a 2003, ya ce a 2017 ya yi nadamar yawancinta. A shekarar ce hukumar ta sauya salo: aƙalla haruffa 8, a gwada kalmar da jerin waɗanda aka taɓa sacewa, kuma kada a tilasta canji sai an ga alamar kutse. Kalmomi huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna sun fi "Kano@2024" wuyar canka, sun kuma fi sauƙin tunawa.

Maganar ta shafi mai waya kai tsaye. Lambar sirri mai lamba 4 hanyoyi 10,000 ne kacal, mai 6 kuwa miliyan ɗaya, kuma tun 2015 Apple ya mai da 6 ta zama ta asali a iOS 9. Duk da haka waya kan bar mutum ya sa shekarar haihuwarsa, alhali a cikinta akwai manhajar banki, WhatsApp da saƙonnin lambar tabbatarwa. Ɓarawon da ya ƙwace wayar ya canki lambar ya samu duka. Ya kamata Android da iOS su ƙi irin waɗannan lambobi gaba ɗaya. Kafin su yi hakan, mai waya ya shiga saiti yau ya tsawaita tasa.