Ƙaryar "4K" a Faifan DVD: A Daina Tauye Wa Jama'a Mudu



Akwai wani ha'inci da ya zama ruwan dare a shagunan sayar da faifan fim a Keffi, tun daga cikin kasuwa har unguwannin ɗalibai da ke kusa da jami'a. Za ka ga faifan DVD an buga masa "4K" ko "Full HD" da manyan haruffa a jikin kwali, sannan a ƙara masa kuɗi saboda wannan rubutu. Ƙarya ce tsagwaronta.

Mu ɗauki fim ɗin Justice League na Zack Snyder, wanda ya fito a 2021, da yara ke ta nema saboda Batman da Superman. Wanda aka nuna a sinima a 2017 awa biyu ne. Wannan kuwa awa huɗu ne da minti biyu. Kamfanin Warner Bros. da kansa, da ya tashi fitar da shi a faifan Blu-ray, sai da ya raba shi gida biyu, alhali Blu-ray ɗaya yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, na 4K kuma har 100. DVD fa? Gigabait 4.7 ne, mai hawa biyu 8.5. Hoton DVD ba ya wuce layi 576 daga sama zuwa ƙasa, na 4K layi 2160 ne. To ta yaya mai shago ya cusa wannan fim da wasu tara a DVD ɗaya, ya ce 4K ne?

Matse shi aka yi har ya fita hayyacinsa. Kuma fim ne mai yawan duhu, shi duhu shi ke fara lalacewa idan an matse hoto. Shi ya sa za ka ga dare ya koma dabbare-dabbare, fuskoki dishi-dishi, faɗa ya kaure amma ba ka gane wa ya naushi wa. Sai mai gida ya ɗora wa talabijin ɗinsa laifi, wani har ya kai ta wurin gyara ya sake asarar kuɗi.

Wani abu kuma: baƙin da ake gani a dama da hagun allo a wannan fim ba lahani ba ne, haka daraktan ya tsara shi. Amma masu kwafi sukan miƙe hoton don ya cika allo, sai Superman ya koma gajere mai tumbi.

Na san abin da za a ce: talaka ba shi da kuɗin faifan asali, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka ne. Amma rariyar ce aka ce masa tulu ce. Ba araha muke faɗa da ita ba, ƙarya muke faɗa da ita. Mai hatsi da ya tauye mudu ba ma kyale shi, me ya sa za mu kyale mai faifai?

'Yan kasuwarmu, ku faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwali. Masu saye kuma, ku ƙirga finafinan da ke jikin faifan, ku sa a kunna muku wurin da ake dare kafin ku biya. In hoton bai fito garau ba, ku mayar da kuɗinku aljihu.

Allah Ya sa albarka a neman halak ɗinmu.

Sakatare