Malami ne jarin farko, na'ura na biye

A shekarar 1991 wani matashin malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Virginia ta Amurka, Randy Pausch, ya gabatar da maƙala kan fasahar kwaikwayon zahiri, wato wadda mutum ke ɗaura na'ura mai kama da tabarau ya tsinci kansa cikin duniyar da kwamfuta ta zana. A lokacin manyan cibiyoyi ne kaɗai ke iya sayen kayanta. Pausch ya haɗa nasa da kwamfutar tebur da ƙananan allunan gani da safar hannu ta wasan yara mai suna Power Glove, a kan kimanin dala 5,000. Akwai darasi a nan ga jami'an da takardun neman kuɗin kafa irin waɗannan ɗakunan gwaji ke bi ta teburinsu a Abuja.

Da ya koma Jami'ar Carnegie Mellon a 1997, ya ƙirƙiro kwas na gina duniyoyin kwaikwayo. Yakan haɗa ɗaliban kwamfuta da na zane da na wasan kwaikwayo cikin ƙananan rukunoni, ya ba su kusan mako biyu su gina wani abu mai aiki, sannan ya sake cakuɗa su. A ƙarshen zango a baje kolin ayyukan a gaban jama'a. Ya kuma jagoranci samar da manhajar Alice, wadda ake bayarwa kyauta domin koya wa masu farawa rubuta manhaja ta hanyar shirya labarai masu motsi. Kafin nan ya yi hutun bincike tare da injiniyoyin kamfanin Disney, ya koma aji da ilimin yadda jama'a ke mu'amala da na'urar. Ciwon daji ya yi ajalinsa a watan Yulin 2008 yana da shekara 47, amma kwas ɗin da manhajar sun ci gaba bayansa.

Abin da ya ɗore shi ne tsarin koyarwa da ɗaliban da ya yaye. Na'urorin da ya fara da su tuni suka zama kayan tarihi. Wannan ya kamata ya tsaya a ran duk mai tsara kasafin TETFund ko mai duba manhajar karatu a Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Sayen kaya ya fi sauƙin shiga rahoto, domin ana ƙirga shi a ɗauki hotonsa ranar ƙaddamarwa. Horar da malami kuwa ba ya da ranar yanke kyalle. Sai dai tabarau na tsufa cikin 'yan shekaru, kuma ɗakin da babu mai koyarwa a cikinsa ƙura ce makomarsa.

Masu cewa ba a koyar da wannan fanni da alli da allo kaɗai suna da gaskiya. Ana bukatar na'ura da wutar lantarki tabbatacciya da intanet. Amma malamin da zai yi aiki da kayan ne ya san nawa ake bukata da kuma wane iri, don haka shi ya dace a fara samu kafin a rubuta takardar kwangila.

Duk takardar neman irin wannan kuɗi ya kamata ta amsa tambayoyi uku. Wane ne zai koyar, kuma an ware masa kuɗin bincike da damar zuwa masana'anta ya ƙaro sani? Shin ɗaliban likitanci da injiniya da zane za su iya shiga kwas ɗin? Wane aiki ɗalibai za su nuna wa jama'a a ƙarshen shekara? Takardar da ta kasa amsa su, a mayar da ita ga masu ita su sake shiri kafin a sa mata hannu.