Fitila Ba Ta Ihu, Maƙwabci Ke Yi

Kusan duk mutumin Kafancan ko Zonkwa ko Kagoro ko Kwoi da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, babban burinsa shi ne ya aza ɗan gini a gida. To, idan ginin ya tashi, mai shi kuwa yana Agege ko Sabon Badun, su wa ke kwana a ciki? Tsofaffi ne da mata da ƙananan yara, wani gidan ma kwaɗo ne kawai a ƙofa. Ɓarayi kuwa sun san haka sarai, su ne ke bin dare suna kwashe babur da injin ban-ruwa da buhunan citta.

Wannan ne ya sa 'yan shekarun nan mazauna Kudu suke ta sayen fitilun zamani da ake kira LED a kasuwar Alaba suna aikawa gida. Lalle dabara ce mai kyau. Ƙwan LED mai wat 10 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60, sa'an nan tsohon ƙwai yakan mutu bayan awa 1,000, shi kuwa wannan in mai kyau ne yana kai awa 15,000 ko fiye. Saboda ƙarancin cin wutarsa, ɗan farantin sola da batir guda sun isa su riƙe shi har asuba, ba ruwansa da ɗaukewar lantarki, ba ruwansa da janareto, wanda tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya gagari talaka.

Amma fa akwai abin da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya zare kuɗinsa. Fitila ba ta kama ɓarawo, ba ta kuma yin ihu. Aikinta kawai ta nuna shi. Idan babu idon da ke kallo, babu kuma wanda zai fito in an yi kururuwa, to, an haska wa ɓarawo wurin aiki ke nan.

A birnin Niyok na Amurka an gwada abin a wasu unguwannin talakawa a 2016, aka kafa manyan fitilu a filaye da hanyoyin da kowa ke bi, sai manyan laifuffukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kimanin kashi 36 cikin 100. A lura, hanyar jama'a aka haska, inda mutane ke wucewa suna ganin juna. Darasin ke nan: hasken da ke korar ɓarawo shi ne wanda ya kama layi duka, ba na katangar mutum ɗaya ba.

A nan ne maganar ta shafi Kafancan ƙwarai. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da ya zama mahaɗar reluwe a 1927, ya tara Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Filani da Ibo da Yarbawa wuri guda. Amma rikicin da ya tashi daga kwalejin horon malamai a watan Maris na 1987, da na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011 wanda ya cinye babbar kasuwa, sun sa mutane da yawa sun ja jiki, kowa ya koma cikin nasa. Ɓarawo kuwa ba ya tambayar mai akuya ko masallaci yake zuwa ko coci. Lungun da ke tsakanin unguwa da unguwa, wanda kowa ke cewa ba nasa ba ne, nan ne maɓoyarsa.

Saboda haka shawara ga mazauna Kudu ita ce, maimakon kowa ya liƙa ƙatuwar fitila a katangarsa ya bar layi cikin duhu, ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro a Ikko da sauran wurare su haɗa kuɗi su sayi fitilun layi, a miƙa su ta hannun mai unguwa, a san wanda zai kula da kowace. A fara da mahaɗar hanyoyi da bakin rijiyar burtsatse da lungunan da ke tsakanin Musulmi da Kirista, 'yan sintiri na ɓangarorin biyu su san da zamansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wajen saye kuma a tuna araha ba ta ado. Sau da yawa lambar wat da aka rubuta a kwali ƙarya ce, a duba girman farantin da ingancin batir, domin a watan Agusta kudancin Kaduna yakan yi kwanaki cikin marka rana ba ta fito sosai ba. A kafa fitila sama inda hannu ba ya kaiwa, a ɗaure batir da kyau don shi ɓarayi suka fi so, a sunkuyar da kanta ƙasa kada ta kashe wa mai gadi ido ta bar inuwa mai duhu a bayanta. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke rufe farantin. A bayan gida, irin wadda ke kamawa da kanta in ta ji motsi ta fi amfani.

Kada kuma a ruɗi kai. Fitila maganin ɗan sane ce da mai haura katanga. Masu ɗauke da bindigogi irin waɗanda suka auka wa Godogodo da Goska a 2016 ba haske ne zai tsai da su ba, wannan nauyi ne da ke wuyan gwamnati da jami'an tsaro, kuma tilas a ci gaba da tuna musu.

Wanda ke shirin aika fitila gida bana, ya haɗa da gaisuwa ga maƙwabcinsa, ko wane addini yake bi, domin shi ne zai fito da tsakar dare lokacin da mai gida ke barci a Ikko. Allah ya ba da zaman lafiya, amin.